Gwaggo Mai-guga da Ƙafafun Jikarta

Gwaggona mai guga ce, kuma ban taɓa ganin wanda ya tsani abu a lanƙwashe kamarta ba. A ɗan shagonta akwai teburi da tsohon bargo a kai, dutsen guga biyu, da wanduna a rataye, karinsu sai ka ce zai yanke maka yatsa. Abin da bai miƙe ba a shagon nan ita kaɗai ce. In tana tafiya sai ta karkata hagu, ta dawo, ta sake karkatawa. Tsayuwar guga ce ta jawo, in ji ta, kuma wa ya isa ya musa?

Duk jaririn da aka haifa a danginmu sai ya bi ta hannunta. Ta haɗe masa ƙafafu, ta miƙar, ta naɗe shi da zane tam kamar saƙon da za a ba direba.

Da na haifi 'yata, likita ta juya cinyoyinta, ta ji wani ɗan ƙas, ta tura mu hoto. Ashe kan ƙashin cinyar hagu bai zauna a gurbinsa na kwatangwalo ba. Aka sa mata wata 'yar ɗamara mai madauri da ke riƙe gwiwoyi a tanƙwashe, a ware. Likita ta ce kada a cire. In ƙashin ya zauna yanzu, shi ke nan. In ya ƙi, sai ɗaurin siminti ko tiyata.

Gwaggo ta leƙa, ta riƙe haɓa. "Sannu 'yar nan. Kin haifi mutum, asibiti sun mayar miki kwaɗo."

Da na koma aiki, wa zan bar wa yarinya in ba gwanar dangi ba? Kullum na dawo ɗamara na nan daram, fes, har a goge. A goge fa! Ni ko sai godiya nake zubawa.

Ranar komawa asibiti Gwaggo ta rako ni. Aka sake hoto, ƙashi yana inda yake, bai zauna ba. Likita ta tambaya ko ana cirewa. Ina shirin rantsuwa Gwaggo ta gyara zama.

"Ni nake cirewa. Da rana in miƙar da abin da kuka tanƙwasa. Haka uwata ta naɗe ni, me ya same ni?"

Wallahi raina ya ɓaci. Likita kuwa ba ta yi faɗa ba.

"Mama, ɗan taka zuwa ƙofar can ki dawo."

Gwaggo ta taka. Hagu, ta dawo, hagu.

"Guga ce," ta ce tun ba a tambaye ta ba.

"Kafin gugar fa, Mama?"

Gwaggo ta kalli takalminta. "Tun ina 'yar mitsitsiya yara ke ce mini agwagwa."

Likita ta ce ba za ta yanke hukunci ba sai da hoto, amma haka masu wannan matsala kan yi tafiya in ba a gyara ba. Ta ƙara mana dama ɗaya kafin siminti.

Yanzu ko ni uwar yarinya sai da izinin Gwaggo nake taɓa madauri. Jiya wata mai karɓar guga ta kai hannu za ta haɗe wa yarinyar ƙafafu, wai abin ba kyan gani. Gwaggo ta buge hannun.

"Bar mini ita a tanƙwashe, baiwar Allah. Ni an miƙar da ni, ga ni nan."