Yadda Na Zagi Ardo Don Gonarmu Ta Sami Taki

Shekarar da Nasara suka kwashi maza aikin hanya, har da mijina, aka bar mu da gandu ni da surukata a ƙauyenmu na kusa da Dumega. Ita ƙafa ta hana ta fita, don haka ta ce daga yau ni ce maigida. Gonar kuwa ta gaji, geron bana da ƙyar ya rufe gindin rumbu. In shanun Fulani ba su kwana cikinta sun zuba mata taki ba, baɗi yunwa ce za ta kwana da mu.

Kowace kaka akwai wani ardon Fulani da yake sauke garkensa a gonarmu, shanu su ci kara, mu ba shi damman gero. To bana maƙwabcinmu ya riga mu kai masa goro da gishiri. Hankalina ya tashi ƙwarai.

Ni a Dogon Dutsi aka haife ni, ubana baƙo ne ɗan kasuwa. Abin da na gani a shagonsa shi ne ladabi da daɗin baki suke sayar da kaya. Sai na ci ado, na tafi ruga, na durƙusa har ƙasa, na ce, "Ranka shi daɗe, Baba, alfarma muke roƙo."

Ardo ya dube ni, fuskarsa ta canza. Ya amsa gaisuwa a taƙaice, ya ce zai duba. Ko nono ba a ba ni ba.

Da na ba surukata labari, ta yi dariya har da tari.

"Ɗiyata, kin ɓata! Bahillace kika durƙusa ma? Mu Arawa da su wasa muke tun kakanni. In Ba'are ya yi mishi ladabi, cewa zai yi an yanke zumunta."

"To, Inna, ki aika wani mana."

"Wa nika aikawa? Ke ce maigida. Ki koma ki zage shi, amma ki bari shi rama. Kuma kada ki ambaci gona sai ya yi dariya."

Washegari na koma. Ban taɓa zagin mai furfura ba. Na tarar da shi yana kaɗa sanda, ga goron maƙwabci a kunci. Na tsaya ƙerere, na rufe ido na ce, "Kai bawan gidanmu mai ƙafar kara! Goro guda anka saye ka da shi? Ashe Bahillace ya hi akuya araha!"

Matan ruga suka bar dakansu. Ardo ya tofar da goron, ya fashe da dariya har rawaninsa ya kwance.

"Yauwa, yanzu baiwata ta zo! Jiya na zaci tsohuwar ta mutu, kun manta ubangijinku. Ku Arawa in ba kashin shanuna ba, mi kuka ci?"

Na haɗiye wannan, kamar yadda aka umarce ni. Sannan muka zauna ciniki. Ya nemi gero mai yawa, na ce rumbunmu ko ɓera ya yi ƙaura. Ya ce matsiyata kawai. Muka daidaita a kan ya shayar da shanunsa a rijiyarmu har ƙarshen rani, geron kuma sai baɗi in gona ta yi. Kafin yamma garken ya shiga gonarmu, ni kuma na dawo da ƙwaryar nono a ka.

Da damina gero ya tashi har ya fi ni tsawo. Mijina ya dawo a rame, ya ci ya murmure. Surukata dai ba ta ga girbin ba, Allah ya yi mata rasuwa ana cikin noma.

Ranar da ardo ya zo gaisuwar mutuwa, ya tsaya a ƙofar gida, tsoho tukuf, ya sunkuyar da kai. Na share hawayena, na fito na ce, "Kai ɓarawon kara, sai yanzu kaka zuwa?"

Ya ɗago kai, idonsa ya cika da ƙwalla. "Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ashe ta bar mini mai zagina."