Turakun da muka kafa a bakin dam

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Greenbelt da ke gefen Washington, ni da abokin aikina ɗan Zinder, muka biya Germantown muka ɗauki Baturen shugabanmu. A kan titin 270 masu shiga Washington sun cushe a ɗaya hannun, mu muna wucewa muna yi musu jaje.

Wani tsohon dam muka nufa a duwatsun West Virginia. Kamfaninmu na da lasisin ɗora masa injinan lantarki, amma wa'adin fara gini saura wata biyu, in ya wuce lasisi ya tafi. Tsoron haka ya sa suka ɗauke ni aikin injiniya, bizata kuma a wuyan aikin nan take rataye.

A wani gidan mai muka sayi kofi dala uku, ruwan zafi ne aka nuna masa kofi daga nesa. Abincinsu duk akwai alade a ciki, sai na buɗe dambun naman da uwargida ta ƙunso. Shugaba ya cinye rabi yana sharar hawayen yaji.

Da hantsi muka isa. Ruwan dam na ta zuba a banza, har ƙasa na rawa. Wani tsoho mai kamun kifi ya dube mu ya ce, "Ku ne masu wutar? Tun jikata na rarrafe nake jin labarinku, yanzu mota take tuƙawa." Kunya ta kama ni, ni da nake cika baki a gida cewa a Amurka wa'adi ba ya tashi.

Muka auna, muka kafa turaku inda za a fara haƙa. Muna idar da azahar wayar shugaba ta yi ƙara. Ya dawo yana murna: hukuma ta ƙara wa'adi da shekaru, lasisi ya tsira. Sai ya sunkuyar da kai. Masu kamfani sun ce tunda ba gaggawa, a jingine gini, a sallami injiniyoyi.

"To mu fa?" in ji ɗan Zinder.

Shugaba ya ce mu tumɓuke turakun kada wani ya yi tuntuɓe. Da hannuna na cire su, raina a ɓace.

Bayan magariba na shiga gida, yara suna aikin makaranta. Uwargida ta ce, "Sannu da hanya, an dace?" Na ce Alhamdulillahi kawai.

Tafiyar nan ta koya mini cewa uzuri ma yana da waɗanda ya sani. Ginin da ba a aza masa ko tubali ɗaya ba an yi masa haƙurin shekaru. Ni mai 'ya'ya uku, kwana sittin doka ta ba ni in sami wani aiki ko in kwashe su mu bar ƙasar.