Takardar da Malam Aji Bai Amsa Ba: Daga Kano Zuwa Gashuwa

Talata: Kano zuwa Nguru

Ladan bai kira assalatu ba na fito daga gida, da akwatin ƙarfe da buta da tabarma. A tasha na yi sallar asuba. Ƙarfe bakwai saura kwata jirgi ya yi kuka muka ɗaga.

A farkon shekarun 1950 ne, ina koyarwa a makarantar horon malamai, ban daɗe da dawowa daga kwas na shekara guda a Sudan ba. Abin da ya fito da ni kuwa sabuwar doka ce: duk malamin elamantare da ba shi da satifiket, ya zo kwas na wata shida, in ya ƙi a sallame shi. Sau biyu aka aika wa wani Malam Aji na Gashuwa takarda, shiru kamar an shuka dusa. Shugaban makarantarmu ya ce in je in gani da idona kafin a soke sunansa.

Daga Kano zuwa Nguru mil ɗari da arba'in ne da 'yan kai. A Ringim na sayi fura ta taga, a Malam Madori muka daɗe ana ba jirgi ruwa, har na samu na yi azahar a natse. Ƙarfe huɗu da rabi muka shiga Nguru, inda dogo ya ƙare. Tun daga tasha ƙamshin banda ya tarye mu.

Na sauka wurin Mala Kyari, Babarbare mai fataucin kifi, abokin ƙanen mahaifina. Aka kawo burabusko da miyar kifi, muka ci tare da wani baƙonsa, Alhaji Mamman, mutumin Gure ta ƙasar Faransa. Da ya ji sana'ata sai ya ce, "Mu a can, malaman lakwal, wato makarantar boko, nesa ake kai su a horar da su. In sun dawo ba sa yi wa yaro magana sai da Faransanci, ko da bai san kalma ɗaya ba."

Na ce, "A Sudan kuwa ƙauye ake kai ɗaliban malanta, su yi noma su yi karatu. Tsofaffin malamai ma ba a korarsu, kiransu ake yi lokacin hutu a ƙara musu sani."

Mala Kyari ya lashe hannu ya ce, "To ku wanne kuka ɗauka?"

Na ce, "Muna tsakiya tukuna, Mala." Muka yi dariya.

Laraba: Nguru zuwa Gashuwa

Ƙarfe takwas na samu mota mai zuwa ɗaukar gyaɗa. Direban Bayarabe ne, Lasisi, Hausarsa tar kamar a Fagge aka haife shi. Ya ba ni gaba a kan sule uku. Na tambaye shi, "Mil arba'in, yaushe za mu isa?"

Ya ce, "Malam, wannan yashi za ka tambaya, ba ni ba."

Gaskiyarsa. Sau uku muka kafe, kowa ya sauka ana shimfiɗa katako a ƙarƙashin taya ana turi. Kaka ce, gero ya nuna, hagu da dama mutane na girbi suna ɗaga mana hannu. A Jajimaji ɗan doka ya tsai da mu a shinge, ya leƙa kaya, ya ga akwatina da littattafai, ya sara mini ya ɗaga sanda. Muka sha nono mai sanyi a gindin tsamiya. Ƙarfe uku muka hango kogin Gashuwa cike da jiragen masunta.

Hedimastan makarantar, Malam Sale, ɗalibina ne, Bakano, shekararsa ɗaya da fita daga hannunmu. Ya sauke ni a ɗakinsa. Na tambaye shi labarin Malam Aji, ya sosa ƙeya.

"Allah gafarta Malam, in aka cire shi makarantar nan ta watse. Yaran aji ɗaya Badanci, harshen mutanen nan, kawai suke ji, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Amma ba ya rubuta shirin darasi, rajista ma ya daina cikawa. Na miƙa masa takardun nan biyu da hannuna, ya sa a aljihu."

Alhamis: makaranta, da Katuzu

Ƙarfe bakwai da rabi na zauna a bayan aji ɗaya. Malam Aji dogo ne, baƙi, furfura ta fara cin gemunsa, shekararsa goma sha bakwai yana koyarwa. Ya shigo da ƙwarya cike da ƙugiyoyin kamun kifi, ya raba wa yara goma-goma. Sai ya faɗi lissafi da Badanci, su ware ƙugiya, ya sake faɗi da Hausa, su maimaita, sannan ya rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Kafin a tashi tara, yarinyar da aka kawo makon jiya ta iya cire uku daga goma da harshe biyu. Abin da na je har Sudan na koyo, ga shi a gabana cikin ƙwarya.

Da aka zo karatu kuwa sai na ga abin da ban so ba. Bai buɗe littafi ba, da ka yake jan yara. Wani ya tsallake layi guda, Malam ya duba shafin ya ce, "Daidai."

Bayan la'asar Malam Sale ya ara mini keke na tafi Katuzu, inda gidansa yake. Na same shi a fadama yana gyaran kwamin albasa. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buzu a inuwar giginya.

Na ce, "Malam, an rubuto maka sau biyu."

Ya ce, "An rubuto."

"Me ka gani a ciki?"

Sai ya zaro takardun daga aljihu, sun yi laushi don ninki. "Malam, kai baƙo ne, gobe za ka tafi, bari in gaya maka abin da ko iyalina ba su sani ba. Shekara biyu ke nan ƙananan baƙaƙe sun guje mini. Tsuntsu a kan giginyar can ina ganinsa, amma takarda a hannuna sai hazo-hazo. Na ji a kasuwa ana cewa za a kori marasa satifiket. Na san takardar sallama ce. Wa zan ba ya karanta mini? Yaron da na koya wa a, ba, ca?"

Na tuna ni ma haka ya same ni bara waccan, sai dai ni ina kusa da asibiti. Na ciro tabarau ɗina na karatu na miƙa masa. "Gwada wannan."

Ya saka a karkace, ya ɗaga takardar. Sai na ga leɓɓansa sun fara motsi. Ya karanta ta farko har ƙasa, ya koma sama ya sake.

"La'ilaha illallahu! Ashe kirana ake yi? Har da abinci da wurin kwana, albashi kuma yana tafiya?"

Na ce, "Kiranka ake yi, Malam."

Ya yi dariya har da hawaye, ya goge da hannun riga. Can kuma ya ce, "To, amma da furfurata zan zauna benci ɗaya da yara?"

Na ce, "Duk 'yan kwas ɗin sa'o'inka ne. Kuma ina da roƙo: in ka zo, ka taho da ƙwaryar nan. Ɗalibanmu za a tura su garuruwan da ba su jin harshen yara, ba mu da wanda zai nuna musu yadda ake farawa."

Ya ce, "Sai an cire albasa."

Na ce, "Kwas ma sai bayan sallah."

Zai mayar mini da tabarau na ce ya riƙe, in ya zo Kano mu je likita ya auna masa nasa. Ya ƙi, na ƙi, har maiɗakinsa ta aiko da tuwon gero da miyar kuka da kifi, ci ya raba gardamar.

Juma'a da Asabar: komowa

Da safe na leƙa makaranta na yi sallama. Malam Aji na zaune a teburi, tabarau a kan hanci, yana cika rajistar da ya bari, yara sun kewaye taga suna kallon sabon abu. Ya aiko mini da ƙunshin banda a ganyen kaba.

Lasisi ya ɗauke ni ƙarfe tara, buhunan gyaɗa fal a baya. Sau ɗaya kawai muka kafe, har na samu sallar Juma'a a Nguru. Na kwana wurin Mala Kyari, Asabar ƙarfe bakwai jirgi ya taso, ana kiran magariba na yi sallama a ƙofar gidana, na tarar da kowa lafiya.

Rahotona layi biyar ne, da ƙyar na rubuta shi, takarda can nesa iyakar tsawon hannu. Ba a soke sunan Malam Aji ba. Bayan sallah ya iso, ya yi wata shida, ya koma Gashuwa da satifiket da tabarau nasa na kansa, ya kuma koyar shekara tara bayan haka.

Ina gode wa Mala Kyari da Malam Sale da Lasisi direba, da maiɗakin Malam Aji wadda ban ga fuskarta ba amma na ci tuwonta. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni lafiya, Ya sa na tambaya kafin in yanke hukunci, Ya kuma dawo da ni cikin iyalina.