Uku a Jikin Janareta

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan sallar la'asar, mu uku ne a bakin garka a fadamar Magarya: ni, da wana, da kawunmu. Garkunanmu na albasa a jere suke, kowa da rijiyar burtsatsensa da famfonsa mai aiki da lantarki. A shekarar muka haɗu muka sayi janareta ɗaya. Kawu ne ya je kasuwa ya zaɓo, bai tambaye ni ba, ko da yake ni ke haɗa wa mutanen gari wayar lantarki.

Na yi abin da na saba, bi da bi. Da farko na duba jikin janareta, an rubuta 3 kVA. Na biyu na duba famfo, kowanne wutar ampiya shida yake ja. Na uku na tsuguna na yi lissafi a ƙasa da tsinke. Famfo uku, ampiya goma sha takwas. A ninka da ƙarfin wuta, ɗari biyu da ashirin, a raba da dubu, ya kusa huɗu. Ke nan janareta mai 4 kVA muke bukata. Namu ba zai ba da fiye da ampiya goma sha uku da ɗoriya ba.

Na ce, "Kawu, famfo biyu kaɗai yaka ɗauka."

Ya ce, "Mi? Karanta min abin da anka rubuta nan."

"Uku."

"Mu nawa na?"

"Uku."

"To, mi ar rigima? Ga ma bakin sa waya har uku. Wanda yaƙ ƙera shi bai kai ka sani ba?"

Na sake bayani daga farko. Na ce ukun nan ba lissafin famfo ba ne, awon ƙarfi ne, kuma mudun da ake auna janareta daban yake da na famfo. Wana ya yi dariya ya ce, "Kawu, ƙyale shi. Wanga ko tuwo sai ya ninka shi da ɗari biyu kahin shi ci."

Suka jona ukun. Janareta ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu. Aka sake tayarwa, ya sake mutuwa, har warin ƙuna ya fara tashi. Albasa kuwa sabon dashe ce, ganyenta ya riga ya langaɓe.

Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Tunda kai kac ce biyu, a cire naka."

Na cire. Haka muka yi ranin nan duka. Garkunansu su sha da safe da yamma, ni in jira tsakar rana, lokacin da ruwa ke bushewa kafin ya kai ƙarshen garka. Albasata ta fito ƙanana. Har yau Kawu yana gaya wa mutane cewa bakina ne ya rage wa janareta ƙarfi.

Na maimaita wa manoma lissafin nan a Dinawa, na maimaita a Maikujera, kullum bayan an riga an sayo janareta. Na gaji. Don Allah, mai karatu, kafin ka je kasuwa ka tara ampiyar famfunanka, ka ninka da ɗari biyu da ashirin, ka raba da dubu, ka sayi wanda ya ɗara abin da ya fito. Kada ka kira ni bayan ka sayo.