Baba Jaye, Mai Awon Ruwan Ƙauyenmu

Da hantsi, rana ta fara cizo, ko ganye ba ya motsi, za ka iske Baba Jaye bayan lakol, wato makarantar ƙauyenmu na ƙasar Gangara, gaban gwangwanin awon ruwan sama. Shekara sha bakwai ke nan. Ya duba, ya rubuta, ya buga ma masu kula da yanayi waya. Sannan ya ɗaga kai sama, ya daɗe.

Da makiyayi ne, kafin shanun su ƙare. Shi ya fahimtar da ni, ni da ban wuce aji huɗu ba, cewa iska biyu ce. Ta ƙasa, wadda muke ji a jiki, laima take kawowa daga kudu. Ta can sama kuwa, wadda ba a ganewa sai a tafiyar siraran gajimare, ita ke koro hadari daga gabas. In ba ta zauna ba, ruwan fari ba abin dogaro ba ne.

Bara ruwa ya sauka da wuri, kowa ya ɗauki sungumi. Baba Jaye ya bi gida-gida yana cewa a dakata. Ɗan Azumi mai amalanke ya tare shi ƙofar masallaci: "Kai da ka kasa riƙe shanu, kai za ka koya muna shuka?" Aka yi dariya.

Innata Shatu tiya biyu ta irin hatsi ta rage mata, in ta ƙone shi ke nan. Ta je ta tambaye shi.

"Riƙe abinki, Shatu. Ta sama ba ta zauna ba."

Kwana ashirin da uku ba ɗigo. Shukar mutane ta ƙone, tamu ta baya ta yi. Maimakon a ba shi haƙuri, sai aka ce bakinshi ne ya kore ruwan.

To ni ban yarda ba, kuma na rubuta don a karanta. Baba, kai ne ka tsaya ana dariya ba ka sauya magana ba. Ba ka taɓa cewa kai ke ba da ruwa ba. Allah ke bayarwa, kai dai ka duba. Mun gode. Samari, mu je mu koya tun yana ganin gari.

Shekaranjiya Ɗan Azumi ya wuce da buhunan taki, ko sallama babu. Baba Jaye ya bi shi da tsohuwar tabarma, ya ce ya rufe takin kafin la'asar, ruwa na tafe. Ɗan Azumi ya amsa ya rufe, ya kora jakinshi.