Baƙon Nabawiyya

Yau kwana arba'in da rasuwar Nabawiyya, har yanzu in na wuce ƙofar kicin sai na leƙa. Shekara goma sha tara muka yi tare a gidan kula da tsofaffi da ke bayan tashar jirgin ƙasa a garin Minya na ƙasar Masar, ita tana girki, ni ina wanki. Ba ta yi karatu ba, ni nake karanta mata takardar da likita ke rubutawa. Amma ta san bakin kowa a gidan, ta san marar haƙori, ta san wadda tafarnuwa ke tayar wa zuciya.

Farkon bara aka kawo mana Baba Shahata, tsohon manomin rake da tsufa ya fara rikita wa tunani. Sai ya ƙi cin abinci. A kai masa, ya dafa ƙirji ya ce, "Alhamdu lillahi, yanzu na ci." Masu jinya su ɗauke. Aka gwada wake, aka gwada shinkafa da madara, duk ɗaya, sai shayi yake kurɓa. A kwana na shida likita ta ce in bai ci ba zuwa Alhamis, za a zura masa roba ta hanci.

Na sauko daga bene da zannuwan gadonsa, na tarar da Nabawiyya tana kallon farantin da ya dawo ba a taɓa ba.

"Ke Ihsan, sau nawa suke yi masa tayi?"

"Sau ɗaya mana."

Ta buga cinya. "Sau ɗaya! Yaran nan 'yan birni za su kashe mana tsoho. Mutumin nan gani yake baƙunci ya zo. Wane ɗan mutunci ne a ƙauye zai miƙa hannu daga tayin farko?"

Ta saka baƙar rigarta ta zuwa unguwa, ta ɗora miyar lalo da gurasa a tire, ta ce in biyo ta da tabarma. Da muka isa ɗakinsa, a ƙasa ta sa na shimfiɗa.

"Lale marhabin, Alhaji! Yau muna da babban baƙo. Bismilla."

"Na ƙoshi, 'yata."

"Da me, da iska? Ko girkina ka raina?"

"Subhanallahi, wa ya isa?"

"To wallahi ba ka tashi sai ka ci. So kake maƙwabta su yi da ni?"

"Kada ki rantse, baiwar Allah."

"Ai na riga na rantse. Kaffara za ka ɗora mini? Dubi jikin nan, ya yi maka kama da mai jure azumi?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ta gutsuri gurasa, ta dangwali miya, ta danƙa masa a hannu, ita ma ta kai loma. Ya ce, "Don rantsuwarki kawai." Sai da ya suɗe kwanon. Ni kuwa ina bakin ƙofa ina share hawaye.

Ba a sa robar ba. Amma kafin la'asar ya manta, ya sake zama baƙo. Haka Nabawiyya ta riƙa hawa benen nan sau uku kullum, tana rantsuwa sabuwa fil, wata goma sha huɗu, har lokacin da ƙafafunta suka kumbura tana hutawa a kowace matakala. Ban taɓa jin ta ce ta gaji ba.

Baba Shahata yana nan da ransa. Ba mu faɗa masa ba. Ni nake kai tiren yanzu, sai dai rantsuwata ba ta da nauyin tata, sai na yi biyar kafin ya miƙa hannu. Jiya ya ci rabi, ya dube ni.

"Uwargidan ba ta nan ne?"

Na ce ta yi tafiya.

"To in ta dawo, ki ce mata baƙonta ya ci."

Allah ya jiƙanki, ƙawata, ya ciyar da ke abincin Aljanna.