Yadda Roƙo Ya Cinye Tudun Tsira

Idan ka tambayi Sabitu abin da ya kashe masa sabar ɗin wasansa, zai ce maka wutar lantarki ce. In ka ƙara matsa masa, ya ce tsadar data, ko kuma sababbin wasannin waya da suka ɗauke hankalin mutane, ko aure da ya kwashe rabin 'yan wasa. Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Ni Tchakoura, ɗan zemijan, wato mai ɗaukar mutane a babur tsakanin Zongo da Tokoin, shekara huɗu na yi ina tsaron doka a wannan sabar, a gabana komai ya faru. Har gobe ina son Sabitu, kuma har gobe in na tuna sai in ji kamar in shaƙe shi.

Tare muka taso a Zongon Lome, layi ɗaya, makarantar allo ɗaya. Kakanninsa daga arewacin Najeriya suka zo da fataucin goro, ni kuwa iyayena daga Sokode suka sauko. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da aka sani da sulhu. In mahauta suka saɓa da dillalan shanu, shi ake ɗaukowa. Sabitu ya tashi yana ganin ubansa yana shiga gidajen mutane yana cewa a yi haƙuri, ana kuma yi. Abin da ya shiga jininsa ke nan: babba ba ya taka ƙafarsa ya zo wurinka ka mayar da shi da hannu biyu.

Bai gama lise ba, wato sakandare, ya kama gyaran waya. Ya koyi aikin a wani shago a Tokoin, daga baya ya buɗe nasa a gefen kasuwar Agoè-Assiyéyé, ɗan ƙaramin wuri wanda in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Hannunsa na da albarka, wayar da ta faɗa kwata ma yana tayar da ita. Magana ce dai ba ya iyawa. Mai waya zai zage shi tas a kan laifin da ba nasa ba, shi kuwa yana murmushi yana cewa ba komai.

Akwai wani tsohon wasa na intanet da muke yi tun muna samari, na takubba da birane, wanda kamfaninsa ya rufe ya watsar da mu. Sabitu ya yi wata da watanni yana tono har ya gano yadda zai tayar da wasan da kansa. Sabar ita ce na'urar da ke riƙe da duniyar wasan gaba ɗaya, kowa daga gidansa yake shiga cikinta. Ya fara da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburin shago, ya raɗa wa wurin suna Tudun Tsira. Mu goma sha ɗaya ne a makon farko. Kafin shekara biyu mun haura ɗari uku, daga Kara, daga Kwatano, daga Nima ta Ankara a Gana, har da wasu 'yan Yamai. Ana Hausa, ana Faransanci, ana Ewe, ana zagin juna cikin raha da duka ukun.

Kowace Lahadi bayan la'asar ake yaƙin birni. Rundunoni su taru, wadda ta ci ita ke riƙe da fadar har mako ya zagayo. Mafi yawan makonni rundunar Hanane ce ke ci. Hanane ma'aikaciyar wani ɗakin gwajin jini ce a Tokoin, a Adidogomé take zaune da mahaifiyarta. Ba ta da surutu. Mutum arba'in ne a ƙarƙashinta, kowa ta san lokacin da yake tashi daga aiki da inda ya fi iya tsayawa a fagen yaƙi. Takobin da take riƙewa wata takwas ta yi tana nemansa. Mutane da yawa saboda ita suke shiga, wasu don su bi ta, wasu don su kayar da ita.

Doka ɗaya ce babba a Tudun Tsira, Sabitu ne ya rubuta ta da hannunsa: wanda aka kama da maguɗi an kore shi har abada. Ni ne mai kamawa.

Na farko da na kama mai nauyi shi ne Ikrima. Ɗan unguwarmu ne, magidanci da 'ya'ya biyu, yana sayar da kayan gyaran manyan motoci. Ya saka wata manhaja da ke hana a kashe shi. Mutum ashirin suna sara, shi yana tsaye yana dariya. Na ɗauki hoton komai na kai wa Sabitu, ya duba, ya kore shi. Na ji daɗi ranar, na ce ashe abokina yana da ƙashi a bayansa.

Kwana uku bayan haka ina shagon ina cajin waya, sai ga Alhaji Sulemana, kawun Ikrima, aminin marigayi mahaifin Sabitu. Tsoho ne mai shekara saba'in da ɗoriya, ya hau zemijan da babbar riga tun daga Zongo. Sabitu ya zabura ya ba shi kujera, ya durƙusa ya gaishe shi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka yi wa mamata addu'a.

"Ɗana," in ji Alhaji, "an ce mini ka kori ɗan'uwanka daga ƙwallon nan naku."

"Ba ƙwallo ba ne, Baba Alhaji," in ji Sabitu, kansa a ƙasa.

"Ko ma mene ne. Ya yi laifi, na yi masa faɗa. Ka dubi girman Allah, ka dubi furfurata, ka yi haƙuri."

Na yi ta yi wa Sabitu ido, ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Shi ke nan, Baba, ya wuce." Kafin Alhaji ya kai gida Ikrima ya koma cikin wasa.

Da tsohon ya tafi na ce, "Mon frère, ɗan'uwana, me ka yi ke nan?"

"Me kake so in yi? Abokin babana ne. Sau ɗaya ne kawai."

Sau ɗaya! Labari ya zagaye Zongo kafin magariba. Daga ranar duk wanda na kama, kwana biyu sai ka ga wani ya bayyana a shago. Wani ya turo uwarsa. Wani ya ɗauko ladanin masallacinsu. Akwai wanda ya zo da surukinsa, mutumin da ko kunna waya bai iya ba. Shagon gyara ya koma zauren sulhu, Sabitu yana ta raba kujeru da ruwan sanyi, yana mayar da ɓarayi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na zama mugun unguwa. Wata dattijuwa ta ƙi hawa babur ɗina, wai ni ne mai haɗa yara da Sabitu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Ɗan Kwatano ba shi da kawu a Zongo. Ɗan Yamai ba shi da ladanin da zai hau babur ya zo Assiyéyé. Saboda haka in na kama baƙo, korarsa tana zama, in na kama ɗan gida, kwana uku ya dawo. Doka ta rabu biyu, kuma mutanen nan ba wawaye ba ne. Wani ɗan Nima da aka kora a kan ƙaramin laifi ya rubuta a dandalin hirarmu na intanet cewa a Tudun Tsira ba takobi ake nema ba, tsoho ake nema. Aka yi dariya, amma makon nan kaɗai mutum talatin suka daina shiga.

Ba wanda ya yi sallama. Haka mutane ke barin wasa, ba faɗa, ba sanarwa. Sai dai ka ga sunan da ka saba gani da launin kore, alamar mai shi yana ciki, ya zama toka, yau, gobe, jibi, har ka daina dubawa. Wanda ya tafi kuma yana jan abokinsa, domin ba wanda ke son shiga ya tarar da fili babu kowa. Na faɗa wa Sabitu sau nawa? Ya ce ai damina ce, ana yawan ɗauke wuta. Damina ta wuce, ya ce azumi ne.

Ikrima kuwa ya gane cewa babu abin da zai same shi. Na kama shi karo na biyu, Alhaji ya zo. Karo na uku ya yi wanda ya fi muni: ya samo hanyar shiga rumbun rundunar Hanane, ya kwashe kayan da mutum arba'in suka tara cikin shekara biyu. Hanane ta kira Sabitu a waya, ina zaune. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya Sabitu, ba na neman komai sai dokar da ka rubuta." Ya rantse mata cewa wannan karon an gama.

Alhaji Sulemana ya zo ranar Laraba. Wannan karon har hularsa ya cire ya ɗora a kan teburin gyara, tsakanin batura da sukurori. Sabitu ya yi tsuru-tsuru, gumi na zuba. Na fita waje domin kada in yi wa babba rashin kunya.

Sai abokina ya kawo dabarar da yake ganin za ta faranta wa kowa. Ya mayar da Ikrima, sannan don ya sanyaya ran sauran, ya raba wa kowane ɗan wasa kaya kyauta, har da irin takobin Hanane. Wanda ya shigo jiya da wadda ta yi wata takwas tana wahala, duka abu ɗaya suke riƙe. Ya zo yana gaya mini da murna wai yanzu ba wanda aka cuta. Na ce masa, "Kai, wallahi da ka kashe na'urar ma da ya fi." Wasa fa wahalarsa ce daɗinsa. In ka ba kowa komai, me ya rage a nema?

Lahadin da ta biyo baya Hanane ba ta shiga ba. Rundunarta ta jira ta mako biyu, sannan ta watse. Waɗanda ke shiga don su kayar da ita su ma suka ga ba amfani. Cikin wata uku muka dawo ba mu kai ashirin ba. Shi kansa Ikrima ya daina zuwa, tunda ba sauran wanda zai cuta. Ko sallama bai yi wa Sabitu ba, ya koma wata sabar ta wasu mutane a Abijan.

Sabitu ya rame. Yana gyara waya yana leƙa allon da ke nuna masu shiga. Wata Asabar da safe ya kira ni ya ce in zo da babur, akwai inda za mu. Na iso na tarar da shi da fararen kaya, kusa da shi kuma Alhaji Sulemana da sandarsa.

"Ina za mu?" na tambaya.

"Adidogomé. Baba Alhaji zai ba Hanane haƙuri ta dawo."

Maganin da ya sani ke nan, ba shi da wani. Na ɗauki tsohon, Sabitu ya hau wani babur, muka ratsa gari cikin rana.

Mahaifiyar Hanane, Mma Hadjara, ta karɓe mu da mutunci, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da ƙosai. Hanane ta fito da mayafi ta durƙusa. Alhaji ya yi jawabinsa, irin wanda na haddace: girman Allah, furfura, zumunci. Har ya ƙara da cewa ƙwallo ba abin raba 'yan'uwa ba ne. Mma Hadjara ta dubi 'yarta ta ce, "Kin ji abin da Baba ya ce." Hanane ta ce, "Na ji, Baba. Gobe zan shiga." A hanyar dawowa Sabitu har waƙa yake yi a kan babur.

Washegari bayan la'asar muka zauna a shago, mu biyu, muna kallon allo. Mutum bakwai ne a ciki. Sunan Hanane ya koma kore. Sabitu ya riƙe mini hannu. Ta tsaya a tsakiyar dandalin birni, ba ta zare takobi ba, ba ta nufi fada ba. Ta rubuta inda kowa zai gani:

"Baba ya ce in shigo, na shigo. Yaya Sabitu, ba na fushi da kai. Amma ba zan sake gina abu a inda mai kawu zai iya rushe shi ba."

Minti huɗu ta yi, sunan ya koma toka.

Wata mata ta zo karɓar wayarta, Sabitu ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba. Can sai ya jawo kwamfutar, ya buɗe jerin sunaye, ya nemo na Ikrima, wanda rabonsa da shiga wata biyar ke nan. Ya danna kora ta har abada.

"Ko wa ya zo," in ji shi, "ko wa ya zo, Tchakoura, ba zan buɗe ba. C'est fini, an gama."

Ya sa kujerar baƙi a bakin ƙofa, ya shirya maganar da zai faɗa, har ya gwada ta a gabana sau biyu. Muka jira kwana uku, muka jira mako, muka jira wata. Babu wanda ya zo roƙo.